Kullen Korona da Renon Ɗan Yaye

'Yan'uwana mata, ran 16 ga Afrilu 2020 aka rufe Kano saboda cutar korona, bayan an rufe Kaduna, Ikko da Abuja tun watan Maris. An yi ta maganar asarar 'yan kasuwa, aka manta da ɗan yaye, wanda bai san dalilin hana shi fita zaure ba.

A al'adarmu reno ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ga kaka, ga goggo, ga yaran maƙwabta masu goya shi. Kulle ya yanke wannan zumunci, azumi kuma ya kama ran 24 ga watan. Uwa na girki, yaro na rigima, sai a miƙa masa waya don a sami lafiya. An buɗe gari tuni, amma a gidaje da yawa wayar ce mai reno har yau.

To, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ɗan shekara ɗaya ya kalli waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma lalle su sami awa uku na motsa jiki. Yaro daga bakin mutane yake koyon magana. Ki ba shi moɗa da murfin tukunya, ki riƙa yi masa hira kina tsintar shinkafa. 'Yan makaranta, ku taya iyayenku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.