Fenti A Waje, Ɓarna A Cikin Bango

Jama'a, a cikin dukan ayyukan da gwamnati ke bayarwa kwangila a ƙasar nan, babu wanda ha'inci ya fi sauƙi a cikinsa kamar aikin wayar lantarki da aikin famfo. Dalili kuwa a fili yake. In ɗan kwangila ya ha'inci hanya, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri, kowa ya ga ramuka. In ya rage kwanon rufi, mai wucewa ma ya ɗaga kai ya gani. Amma waya da bututu a cikin bango ake binne su, a bi da filasta, a shafe da fenti. Ranar buɗe gini a tara makaɗa da 'yan jarida, babban baƙo ya yanke ƙyalle, a kunna fitila ta kama, a yi tafi a watse. Ba mai cewa a fasa bango a ga abin da ke ciki. Sai bayan shekara biyu ko uku, sa'ad da ɗan kwangila ya daɗe da cinye kuɗinsa, sannan bango ya fara jiƙewa, makewayi ya toshe, soket ya fara ƙauri.

Kada wani ya ce ina ruwanmu, mu da muka zo Kurmi neman abinci. Ruwanmu ne ƙwarai. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Sabon Badun zuwa Shagamu da Anacha da Fatakwal, 'yan'uwanmu ne ke haƙa ramin bututu, su ke sassaƙe bango a zura waya, su ke gadin ginin dare da rana. In an gama kuma, matanmu ne ke haihuwa a asibitin da famfonsa ya ƙafe, har dangi su riƙa sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa a kai wa mai jego. 'Ya'yanmu ne ke karatu a makarantar da aka garƙame makewayinta da kwaɗo. Kayanmu ne ke cikin rumfunan da hukuma ta gina, ranar da wuta ta tashi tsakar dare. Kuɗin aikin ma da namu a ciki, tun daga tikitin kasuwa har zuwa harajin kayan masarufi da aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

Ga yadda abin ke gudana. Galibi ma'aikata kan haɗa ginin gaba ɗaya, da tubali da rufi da waya da famfo da na'urorin sanyaya ɗaki da na dumama ruwa, ta danƙa wa kamfani guda. Mai kamfanin nan sau da yawa bai san bambancin waya mai wuta da wadda ba ta da ita ba, abin da ya sani shi ne ƙofar ofishin da ake sa hannu. Da ya karɓi kafin-alƙalami sai ya ware na waɗanda suka yi masa hanya, ya ware ribarsa, ya sayar wa wani aikin lantarkin. Wannan shi ma ya gutsuri nasa ya miƙa wa na ƙasa da shi. Kafin aikin ya kai hannun wanda zai hau tsani, kuɗin ya ƙanƙance har ba zai sayi kayan da aka rubuta a takarda ba. To, da me za a cike giɓin? Da abin da ido ba zai gani ba.

Duk mai aikin lantarki na ƙwarai ya san ƙa'ida: waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket, na'urar dumama ruwa da manyan na'urorin sanyi kuwa sai mai 4 ko 6. Mai ha'inci sai ya sa ta fitila a gurbin ta soket, ko ya sayo jabu wadda aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba, ko wadda cikinta alminiyam ne aka shafe shi da tagulla. Siririyar waya in aka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta narke, wuta ta kama silin. Sandar da ake kafawa a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle, wadda ita ce ke tsare ran mai taɓa famfo ko firiji, sau da yawa ba a kafa ta sam. Haka ɓangaren ruwa: a sa bututu marar kauri, a manne mahaɗa da gam na banza, a rufe ba tare da an tura ruwa da ƙarfi an gwada ko yana yoyo ba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan cuta ta ba da kwangila ba lissafi ta daɗe tare da mu. A 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko, ana biyan su kuɗin jira, siminti na daskarewa a cikinsu. Manya kuma ba su manta da gobarar dogon benen NET da ke Marina a Janairun 1983 ba, wadda jama'a da dama suka yi zargin da gangan aka tayar don a ƙone takardu, ko ta Cocoa House a Badun a Janairun 1985. A Afrilun 2020 ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja ya kama, aka ɗora laifin kan na'urar sanyaya ɗaki. Kusan duk sa'ad da ginin gwamnati ya ƙone, amsa ɗaya muke ji: matsalar lantarki ce. To, madalla. In gaskiya ne, wa ya yi wayarin, wa kuma ya sa hannu cewa aikin ya yi? In kuwa ƙarya ce, ashe mugun aikin waya ya zama mafakar ɓarayi, tun da kowa ya san ginin na iya kamawa ko da yaushe. Ko ta ina aka duba, akwai mai laifin da ba a kama ba.

Doka kuwa akwai ta. Tun 2001 Shugaba Obasanjo ya kafa ofishin bin ƙa'idar kwangila, a 2007 kuma aka yi Dokar Sayen Kaya da Ba da Kwangila, wadda ta haifi hukumar BPP. Dokar ta ce a yi shela a jaridu, a buɗe tanda a bainar jama'a, a gayyato 'yan sa-ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. Ta haramta daddatsa kwangila don a kauce wa bincike. Ma'aikacin da ya karya ta ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ne, babu zaɓin tara, da kora daga aiki. Kamfani kuwa a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, ya kuma biya kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. A takarda kam sai san barka. Amma majalisar ƙoli da dokar ta ce a kafa don ta sa ido a kan harkar ta shafe fiye da shekara 10 ba a rantsar da ita ba. Kafin-alƙalamin da dokar ta tsayar a kashi 15, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Babban giɓin kuma shi ne, takardun babban ɗan kwangila ake tantancewa, rajistarsa da shaidar harajinsa da ta fanshon ma'aikatansa. Mutumin da zai ɗaura wayar da rayukan marasa lafiya suka rataya a kanta, sau da yawa ko sunansa ma'aikatar ba ta sani ba.

'Yan kwangila za su ce gwamnati ba ta biya a kan kari, kuma tun faɗuwar Naira a 2023 farashin tagulla ya yi tashin gwauron zabi. Gaskiya ne, kuma laifin ma'aikatar da ke riƙe haƙƙin mutane ne. Amma wanda kuɗi bai ishe shi ba, hanyarsa ita ce ya rubuta ya nemi a sake duba farashi, ko ya ajiye aikin. Ba shi da hujjar binne wa jama'a garwashi a bango. Manyan ma'aikata su kuma za su ce doka ce ta tilasta su ba mai araha. Ba haka dokar ta ce ba. Mai araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan aikin ta ce, kuma wanda ya yi tayin da ko kuɗin waya bai kai ba, ai ya riga ya sanar da niyyarsa. Masu cewa babu kaya nagari a ƙasa su je Ikeja da Nnewi da Shagamu su ga masana'antun waya, ga kuma umurnin shugaban ƙasa na 2017 da ya ce a fifita kayan gida wajen sayayyar gwamnati. Kada kuma a ɗora wa ƙaramin mai aikin hannu laifin duka. Abin da aka ba shi ya ɗaura.

Abin da muke nema ba ya bukatar sabuwar doka. Na farko, a ware kuɗin lantarki da na famfo daban a takardar tanda, a rubuta sunan wanda zai yi kowanne, kada a sauya shi sai da izini a rubuce. Na biyu, kada a bar kowa ya taɓa wayar ginin gwamnati sai mai takardar shaidar NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa gwada aikin lantarki. Na uku, kada a shafa filasta sai injiniya ya auna waya, ya gwada bututu, ya sa hannu da sunansa da lambarsa ta COREN, domin ranar da abu ya faru a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na huɗu, kason da akan riƙe daga kuɗin ɗan kwangila bayan ya gama, kada a sake shi sai ginin ya ga damina da rani ana amfani da shi. Na biyar, allon da ake kafawa a bakin aiki ya ɗauki sunan mai waya da mai famfo da kuɗin kowannensu.

Mu ma da namu aikin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun kwangila, a amsa masa cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ba ta tambayi asalin mutum ko garin haihuwarsa ba. Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa, in hukuma za ta gina rumfuna ko asibiti a unguwarku, ku sa masu iliminku su rubuta, ku tura wakili ranar buɗe tanda, ku je ku duba aikin tun bango na buɗe. Leburan da ya ga ana binne jabun waya ya sanar da shugabanninsa, domin wata rana ɗansa ne zai kwanta a ɗakin. Rigakafi dai ya fi magani, kuma jaje bayan gobara bai taɓa mayar wa kowa da jarinsa ba.

Allah ya kare mu daga wuta, ya ba shugabanninmu tsoronsa a kan amanar jama'a, amin.