Sabon Farashin Inshorar Lafiya da Alƙaluman Gwamnati: Abin Lura Ga Mutanen Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Tambuwal ya san cewa in an sake mudu, lissafin buhu yakan sake, ko da ba a ƙara ƙwaya ɗaya a ciki ba. Muna so masu karatu su riƙe wannan a zuciya, gama irinsa yana faruwa ga alƙaluman lafiya da gwamnati take bayarwa.

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka a 1999, ya soma aiki a 2005. A 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta mai da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. A nan Jihar Sakkwato muna da hukumar SOCHEMA, wadda take rajistar masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin asusun kula da lafiya na matakin farko, watau asusun da Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya.

Hanya biyu ake biyan asibiti. Ta fari ita ce kuɗin kai: kowane wata a ba ƙaramin asibiti wani adadi saboda kowane sunan da yake cikin rajistarsa, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Ta biyu ita ce biya gwargwadon aiki: sa'ad da aka tura mara lafiya babban asibiti, sai a rubuta aikin da aka yi masa, a aika takardar neman biya. A shirin Tarayya kuɗin kai ya tsaya a kan naira 750 tun 2012, har shekara goma sha biyu. A 2025 NHIA ta sanar da ƙarin kashi 93 cikin 100 a kan kuɗin kai, da kashi 378 cikin 100 a kan biyan aiki. Wannan farashin Tarayya ne, amma hanyoyin nan biyu su ne ake bi a shirin jiha kuma.

To, ina ruwan alƙaluma da wannan? Malamin asibiti guda ne yake duba mara lafiya, ya cika littafin rajista, ya kuma cika takardar ƙarshen wata wadda ake kai wa ofishin ƙaramar hukuma, a shigar da ita a kwamfuta, ta isa Sakkwato da Abuja. Abin da yake kawo kuɗi shi za a fi kula da rubutawa. Inda kuɗin kai ne, yawan sunaye shi ne abin nema. Sunan wanda ya rasu, ko wanda rashin tsaro ya kore shi daga ƙauyensa a ƙasar Kebbe, yana iya daɗewa a littafi. Inda biyan aiki ne kuwa, lokacin da farashi bai taka kara ya karya ba, cika takarda wahala ce marar riba. Da farashi ya tashi, aikin da ake yi a dā ba a rubutawa zai soma bayyana. Saboda haka in muka ji cewa aikin tiyata ko haihuwa a asibiti ya ƙaru, mai yiwuwa mutane ne suka ƙaru, mai yiwuwa kuma rubutu ne kaɗai ya ƙaru.

Jiharmu ta riga ta ga bambancin littafi da gida. Binciken gida gida na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa yara 3 cikin 100 ne kawai a Jihar Sakkwato suka sami zagaye na uku na allurar rigakafin cututtuka biyar, alhali rahotannin asibitoci suna nuna adadi mai yawa ƙwarai. Wannan bincike yana cikin dalilan da suka sa aka kafa dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017. Haka kuma shirin ceton rayuka miliyan ɗaya, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 500 a 2015, ya dogara ga binciken gida gida wajen saka wa jihohi. Masu kuɗin sun san bai kamata mai karɓar lada ya zama shi kaɗai ne mai awo ba.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin kowane littafi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya tarar mutum 3 cikin 100 ne suke da inshora. Matar da ta haihu a ɗaki a Kuchi, da yaron da aka saya wa maganin zazzaɓi a kemis a Dogon Daji, ba takardar neman biya da za ta ambace su. In gwamnati ta raba magani da ungozomomi bisa ga takardun inshora kaɗai, inda aka fi iya rubutu zai samu, inda aka fi ciwo ya rasa.

Ba mu ƙi ƙarin farashi ba, gama asibitin da ba a biya shi ba zai iya ajiye magani ba. Roƙonmu uku ne. Duk rahoton da za a fitar, a faɗi a ciki ranar da farashi ya sake, domin kada a gwama awon mudu biyu. A riƙa bayyana adadin masu rajista dabam da adadin waɗanda aka yi wa magani, mazaɓa mazaɓa, a dukan mazaɓu 244 na jihar. A kuma bar kwamitin ci gaban mazaɓa ya duba littafin sunaye, domin su ne suka san wanda yake raye da wanda ya ƙaura.

Mu ma muna da namu aiki. Wanda yake da kati ya je da shi, ya tabbata an rubuta zuwansa. In an karɓi kuɗi a hannunsa, ya nemi rasit, ya kai wa kwamitin mazaɓarsa.