Birkin gaba na hannun dama ne, a daina wasa da haƙoranmu

1/ Jama'a yau rigimata a kan birkin keke ce. Ku yi dariyarku, ni dai ƙanena ya bar haƙori ɗaya a kan kwalta saboda wannan maganar. 🧵

2/ Yaron nan a kan babur ya taso. Satin da ya wuce ya sayo keken gwanjo. Akuya ta gifta masa, ya damƙe hannun hagu gaba ɗaya kamar yadda ya saba kama kuloci. Ashe a keken, hagu birkin GABA ne. Tayar gaba ta tsaya cak, shi ya wuce.

3/ Mai kayan ya ce ai yaron ne bai iya ba. A'a malam. A Ingila, Japan, Indiya da Ostireliya birkin gaba yana dama. A Amurka da Faransa yana hagu, Amurka ma a ƙa'idar sayar da keke ta rubuta hakan. Mu kuma kwantena ɗaya ke kawo mana duka biyun, a jera su a kasuwa babu mai ce maka komai.

4/ Hujjar da ake bayarwa: wai inda ake tuƙi ta dama, hannun hagu kake miƙawa ka nuna za ka tsallaka titi, don haka dama ya zauna a kan birkin baya, mai sauƙin sha'ani. Na ji. To Najeriya ta koma tuƙin dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Gana ta biyo a 1974. Wa ya bi gida-gida yana juya wayar birkin Rale ɗin kakanninmu? Haka suka ci gaba da kai kaya kasuwa lafiya lau.

5/ Kuma tsakani da Allah, yaushe rabonka da ganin mai keke ya miƙa hannu a Kano?

6/ Ga abin da ya fi ba ni haushi. Idan ka ja birki nauyinka gaba yake komawa, shi ya sa tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Birkin da ke son a matsa shi a hankali, da lissafi, shi za ka ba hannun da yawancinmu ko cokali ba ma riƙewa da shi?

7/ Babur bai yi wannan shirmen ba. Bajaj, Jincheng, Honda, duk birkin gaba a dama. Mota ma haka: sitiyari ko yana dama ko hagu, ƙafa ba ta canjawa, kuloci, birki, totur. Inda suka saɓa shi ne sigina. Motar da aka yi don titin Japan sandar siginarta na dama, shi ya sa za ka ga an juya mata sitiyari, direba ya zo kwana sai waifa ta hau aiki da tsakar rana. Wannan kunya kawai za ka sha, ba ya kai mutum asibiti.

8/ Masu cewa "sabo ne, kowa da nasa", na yarda sabo ne. Ai shi ne maganata. Garin da matasa ke sauka daga babur su hau keke a rana ɗaya, hannu sabo ɗaya yake buƙata.

9/ Kafin ka hau keken aro ko na gwanjo, tura shi da hannu, matsa dama, ka ga wace taya ta tsaya. In birkin waya ne, mai gyara zai musanya maka cikin 'yan mintuna. Na ƙanena an juya jiya. Yanzu yana nan yana shan kunu da gefen baki, Hajiya ta hana shi ko taɓa keken.