Kafin Ka Kai Jarumarka Daji, Fara Zuwa Da Ƙafarka



A 'yan watannin nan na karanta labarai da dama na sababbin marubutanmu waɗanda aka kai taurarin labarin shaƙatawa daji. Abin da na lura shi ne dajin duk ɗaya ne. Kullum ƙungurmi ne, kullum tsuntsaye na rera waƙa, iska na kaɗawa a hankali, ruwa garai-garai yana gudu, sai jarumi ya kafa tanti a bakin ruwan, su zauna suna hira ƙasa-ƙasa har gari ya waye. Ba gori nake yi wa kowa ba, ni ma na taɓa rubuta irin wannan babin, har aka yaba mini. Sai da na kwana biyu a Farin Ruwa na gane ƙarya na shirga, masu yabon kuma ba su taɓa zuwa ba, shi ya sa ba su kama ni ba.

Farin Ruwa magangarar ruwa ce a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa. Ruwan daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya diro daga tsayin da ya kai kusan mita 150. Mu 5 muka tafi a ƙarshen damina, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Muka bi ta Keffi da Akwanga muka shiga Wamba, daga nan hanya ta fara nuna mana halinta, har inda mota ta ce iyakarta ke nan, muka saɓi kaya muka ci gaba da ƙafa. Kafin mu shiga sai da muka gaida manyan ƙauyen da ke kusa, suka haɗa mu da wani dattijo ya yi mana jagora.

Abu na farko da ya rushe mini babina shi ne ƙara. Tun ba ka ga ruwan ba kake jin rugugi kamar hadari na tasowa. Da ka isa gindinsa kuwa, wanda ke gefenka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi. To ina hirar ƙasa-ƙasar da na sa masoyana suka yi? Ina waƙar tsuntsayen? Na biyu, feshi. Ruwan yana dukan duwatsu ya tashi fari fat kamar hayaƙi, a nan na fahimci sunan wurin. Feshin nan ya jiƙa mana riguna, ya jiƙa burodi, ya jiƙa ashana. Kwali guda muka ƙarar ba ta kama ba, itacen ma duk danshi, sai da dattijon ya ciro busasshen haki daga ƙarƙashin wani dutse sannan muka ga wuta. Duwatsun kuma gansakuka ta lulluɓe su, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Jarumata da na sa ta yi ta tsalle daga dutse zuwa dutse da takalmi mai tsini, da a gaske ne da a asibiti labarin zai ƙare.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar tanti. Mun sami wani fili mai yashi dab da ruwa, shimfiɗaɗɗe, muka fara kafa turaku. Dattijon ya tsaya yana kallonmu, sannan ya ce, "'Ya'yana, wa ya share muku wurin nan?" Muka ce haka muka same shi, Baba. Ya ce, "To mai sharar yana nan dawowa." Ya nuna mana ciyayi da ƙiraren da suka maƙale a rassan bishiya, sama da kafaɗar mutum. Ya ce idan aka yi ruwan sama can kan tsauni, ko da nan sararin sama tas yake, rafin kan cika cikin ɗan lokaci, kuma da dare ba ya sallama. Muka kwashe kayanmu muka hau tudu. A can ma ba mu sha da daɗi ba, don wajen ƙarfe 2 na dare kwarkwasa ta ratso ta cikin tantin, muka fito a guje muna kakkaɓe jiki. Da asuba muka yi alwala da ruwan da sanyinsa ke shiga har ƙashi, muka yi ta gardamar ina gabas take, don bishiyoyi sun rufe sama, waya kuma babu sabis.

Ga ra'ayina, kuma a kansa nake tsaye: bai kamata marubuci ya siffanta wurin da bai taɓa takawa ba, bai kuma zauna da wanda ya taka ya tambaye shi ba. Gani ya kori ji. Yawancinmu dajinmu daga finafinan Indiya muka aro shi, ko daga wani littafin da shi ma aro ya yi, ana ta wanki da ruwan wanki har launin ya gushe. Mai karatu ko bai taɓa zuwa ba yana jin bambanci. Idan ka ce masa ashana ta ƙi kamawa saboda feshi, ya yarda kana wurin, daga nan duk abin da ka faɗa masa game da zuciyar jarumarka zai karɓa. Idan kuwa da waƙar tsuntsaye ka fara, ya san cika shafi kake yi.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan, wato ta kalmomi. A wurin nan na rasa sunan kusan duk abin da idona ya gani, komai sai in ce bishiya, ko dutse, ko ruwa. Alhali Hausa ba ta yi wannan talaucin ba. Daji daban, kurmi daban, kurmi shi ne inda itatuwa suka yi duhu saboda danshi, galibi a bin rafi. Akwai fadama, akwai fako, akwai kwazazzabo. Ƙorama ba kogi ba ce, gulbi ba tafki ba ne, fa ba tsauni ba ne. Ko sunan Matsirga da ke kusa da Kafanchan, ka duba ka ga tsirgawa a cikinsa, wato dirowa daga sama. Waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye sun kalli ƙasarsu da kyau. Idan mu masu alƙalami muka bar kalmomin nan a bakin tsofaffi kawai, ranar da aka binne su tare za a binne.

Na san abin da wasu za su ce: ai aikin marubuci ƙirƙira ne, ba rahoto ba. Gaskiya ne. Sai dai ƙirƙira kamar tuwo take, sai da tsaba. Babu wanda ya hana ka sa aljana a bayan ruwan, amma ka bari ruwan ya jiƙa ta yadda ruwa ke jiƙa mutum.

Wasu kuma za su kawo maganar tsaro, wannan kuwa ba abin wasa ba ne. Dazuzzuka da yawa a Arewa yau ba sa shiguwa, kuma ba na ce kowa ya sayar da ransa saboda babi ɗaya ba. Mu ma sai da muka yi ta tambayar mutanen yankin kafin mu ɗaga ƙafa, kuma da sun ce kada mu zo, da mun zauna. Haka 'yan uwa mata, waɗanda su ne suka fi yawa a cikinmu, ba kowace za a bari ta kwana a waje ba, ga kuma kuɗin mota. Duk na yarda. Amma ba dole sai an kwana ba. Gurara tana nan a jihar Neja kan hanyar Suleja zuwa Minna, ana zuwa da iyali a dawo a yini. Assop tana bakin hanyar Jos. Wanda duk wannan ya yi masa nisa, akwai rafin bayan garinsu, akwai fadamar da ake noman rani. Wadda ba za ta fita ba, tana da kaka ko gwaggo da ta yi shekaru tana zuwa itace da ɗiban ruwa. Ki zauna da ita ki ce, "Iya, idan rafi zai kawo ruwa, me kuke fara gani?" Abin da za ta faɗa miki a minti 10 ba za ki same shi a intanet ba. Maharba, makiyaya da masunta duk littattafai ne da ba a buga ba, kuma ba sa karɓar ko sisi.

Da na dawo gida na buɗe tsohon babin nan nawa na goge shi gaba ɗaya. A sabon, masoyan ba su yi hira ba sam, don ba sa jin juna. Ita ce ta lura da ciyayin da ke maƙale a reshe, ta ja hannun rigarsa ta nuna masa, suka kwashe kaya suka hau tudu. Ban rubuta kalmar so ko sau ɗaya ba a babin, amma shi ne inda masu karatu suka ce sun tabbatar tana ƙaunarsa.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya je wani wuri da ke kusa da shi inda ruwa ke gudu ko yake kwance, ya zauna rabin awa ba tare da taɓa waya ba. Ya rubuto mana layi 10 a kan abin da ya gani, ya ji, ya shaƙa. Sharaɗi ɗaya ne, kada tsuntsu ya rera waƙa sai in ka faɗa mana sunan tsuntsun.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.