Ra'ayi: Mu riƙa tambayar mai magani yaushe ya ɗebo ganyensa

Duk wanda ya shiga kasuwar Gwarzo, Getso ko Garo a ranar ci zai tarar da masu magani sun baza kolinsu: garin sabara, sassaƙen marke da na maɗaci, ga kuma jarkokin jiƙo. Kana tambaya za a ce maka kofi ɗaya safe, ɗaya yamma. Ba kasafai ake jin mai saye ya tambayi watan da aka ɗebo ganyen ko yadda aka sarrafa shi ba, alhali a nan ƙarfin maganin yake.

Sinadaran da ke cikin tsiro suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon ruwa, zafin rana da shekarun itacen. Sabarar da ta yi sabon toho a tsakiyar damina daban take da wadda ta sha hunturu da bazara. Ganyen zogalen da aka shanya a rana kuwa yakan rasa wani kaso na bitamin ɗinsa, fiye da wanda aka shanya a inuwa.

Sarrafawa ma haka take. Ruwa na da abin da yake fitarwa daga ganye, mai na da nasa, jefa kanwa a tukunya kuma yakan sauya abin da ke ciki. A 1971, Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gano cewa tafasa wani nau'in tazargade yana rage masa ƙarfi a kan zazzaɓin cizon sauro. Da ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, sai aka samu sinadarin atemisinin, wanda aka gina magungunan maleriya na asibitocinmu a kansa. Aikin ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Manoman wannan tsiro ma sukan girbe shi ne dab da fitar fure, lokacin da sinadarin ya fi yawa.

Ke nan kofin da ya yi wa wani daidai a watan Agusta yana iya gazawa a Maris, ko ya yi wa ƙodar yaro ko mai jego yawa.

Wasu za su ce iyaye da kakanni ba su yi awo ba, kuma sun warke. Amma tsofaffin masu magani suna da ƙa'idar lokacin ɗiba, kuma hannu da hannu suke bai wa wanda suka sani. Yau cikin jarka ake durawa, a yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa cikin rana.

Shawarata ita ce ƙungiyoyin masu maganin gargajiya na Gwarzo da Kabo su wajabta rubuta watan ɗiba da hanyar haɗi a jikin kowace kwalba, su kuma kai samfurin damina da na rani Jami'ar Bayero a auna. Hukumar NAFDAC ta taimaka musu da rajista. Mai saye kuma ya tambaya kafin ya kai baki, domin matambayi ba ya ɓata.