Idan Aure Ya Mutu Bai Shekara Ba, Kayan Wa Za A Kwashe?

Akwai auren da kan mutu tun ba a gama biyan bashin bikinsa ba. A Maiduguri ba abin mamaki ba ne a yi wushe-wushe, a yi jere, a kai amarya Gwange ko Bulunkutu, bayan wata bakwai a ga motar kwasar kaya a ƙofar gidan. Saki ba baƙo ba ne a Borno. Tun a 1971 masanin nan Ronald Cohen ya wallafa littafi sukutum kan yawan mutuwar aure a tsakanin Kanuri. Abin da ya sauya shi ne nauyin dukiyar da ake shiga aure da ita. Amaryar yau tana zuwa da firji, da gwal, da jarin turaren wuta da humra, wata ma da fili ko albashi. Ango kuma yana da gidan da ya soma ginawa tun yana gwauro, ko Keke Napep da yake ci da iyayensa da ita.

A shari'ar Musulunci, wadda kotunanmu ke hukunci da ita bisa mazhabar Malikiyya, maganar ba ta da duhu. Ɗaurin aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata. Abin da ta zo da shi nata ne, abin da ta tarar a hannunsa nasa ne, ko auren ya yi wata uku ko ya yi shekara talatin. Sadaki nata ne gaba ɗaya idan an tare, rabi kuma idan an rabu kafin a sadu. Waɗanda suka yi auren rajista su ne ke ƙarƙashin dokar aure ta tarayya ta 1970, wadda ta ba alƙalin Babbar Kotu damar raba kadara yadda ya ga adalci, ta kuma hana shigar da ƙarar saki kafin shekara biyu sai da izinin kotu. Ko a can, wanda ya ce yana da haƙƙi a kadara yawanci sai ya nuna abin da ya zuba a cikinta.

To me ya sa ake ta rigima? Domin alƙali ba ya zaune a ɗakin lokacin da aka yi magana. Ku dubi yadda abin ke faruwa. Watan farko ana cikin ɗoki, miji ya ce kasuwa ta ja baya, amarya ta cire sarƙar gwal ɗin da uwarta ta tara mata shekara da shekaru ta ce, "Sayar ka ƙara jari." Ko ta sayar da filinta a sayi keke, a yi takardu da sunansa saboda shi ne ya je wurin dillali. Babu shaida, babu rubutu. Ranar rabuwa ita ta ce aro ne, shi ya ce kyauta ce, kuma kyautar da aka riga aka karɓa tsakanin ma'aurata galibi ba a janye ta. Nan ne mata da yawa ke fita hannu rabbana, su koma gidan uba da katifa da kwanuka, gwal ya narke a shagon wani.

Malamanmu na da sun san wannan rikici. A Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalai ke buɗewa har gobe, an tanadi cewa idan aka yi jayayya kan kayan gida kuma babu shaida, abin da aka saba gani na mata a bar wa matar bayan ta rantse, abin da aka saba gani na maza a bar wa mijin. Wanda duka biyu ke amfani da shi kuwa, maganar miji ake ɗauka tare da rantsuwa. Hukunci ne mai hikima a zamanin da ba a rikita tukunya da takobi. Amma talabijin fa? Janareta fa, ko faifan sola da batirinsa? Macen da ta sayi waɗannan da guminta tun tana budurwa za ta iya rasa su don kawai ta jefar da rasit.

Kuma a garin nan ko mai adana takarda bai tsira ba. Gobarar Monday Market ta Fabrairun 2023 ta cinye jarin dubban mutane. Ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 ta shiga Gwange da Fori da sauran unguwanni, ta tafi da gadaje da akwatuna da takardun filaye. Ga zawarawan da rikici ya koro daga Bama da Gwoza, waɗanda suka sake aure a Maiduguri riƙe da ɗan abin da mazansu na fari suka bari. Sau da yawa wannan ɗan abin ma ba nasu ba ne, gadon marayu ne. Idan sabon miji ya juya shi ya ƙi mayarwa, yaran da ba su san an yi ba su ne suka yi asara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mijin da ya gaji da aure amma ya ƙi furta saki. Sai ya hana cefane, ya daina kwana gida, ya jira ta nemi khul'i da bakinta, sannan ya zaro doguwar takarda: sadaki, lefe, kuɗin ɗinki, har da shinkafar da 'yan biki suka ci. Wannan ciniki ne da mutuncin 'yar mutane. A fiƙihun Malikiyya, idan ta tabbatar da cewa cutar da ita aka yi har ta fanshi kanta, ana mayar mata da abin da ta biya. Mata ƙalilan ne suka san haka, iyayensu kuma sukan ce, "A bar shi da Allah, mu dai ta fito."

Maza ma ana cin nasu haƙƙin. Akwai gwaggonnin da kan zo kwasar kaya miji ba ya nan, su haɗa da fankar da suka tarar da labulen da ya saya, su ce ai ladan zama ne. Sunan wannan ƙwace, ko da ɓacin rai ne ya jawo shi.

Maganin ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba ta cire miji da mata ba. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa a dokar iyalinta ta 2004 cewa kowa na riƙe da dukiyarsa, kuma ma'aurata na iya rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara tare. Mu kunya ce ta hana mu. Gani muke kamar rubuta kaya fatan tsiya ne ga auren, alhali muna ƙirga akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a ba wanda ya ce an yi rashin ta-ido.

Kirana ga waliyyai da limaman da ke ɗaura aure ne. Ranar jere, a rubuta abin da amarya ta kawo da abin da ta tarar, mutum biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, a ɗauki hoton takardar a waya, a bar kwafi wurin liman ko bulama. Ke kuma 'yar'uwa, duk ranar da za ki miƙa gwal ko kuɗin fili, ki faɗa a gaban waliyyinki da shaidu biyu ko aro ne ko kyauta. Mijin da ya yi niyyar biya ba zai ji haushin a rubuta ba.