FILIN LISSAFI: Bolt, Amper, Om da Wat

Wutar lantarki, wadda ake ce ma kuran, ta shiga ƙauyuka da yawa. Wasu layin NIGELEC ne ya kai musu, wasu kuwa farantin hasken rana suka saya suka haɗa da batir. To amma kuran ba ta san wasa ba. Waya guda in ta yi zafi tana iya cinye ɗaki da rumbu. Don haka ya kamata duk mai aiki da ita ya iya lissafinta, kuma wanda ya san sau da rabawa ya isa.

Akwai awo huɗu da ake rubutawa a jikin kayan wuta. Mai lambu zai gane su da sauri idan ya tuna da tankin ruwa da tiyo.

Bolt (V) shi ne ƙarfin turi, kamar tsawon tanki daga ƙasa. Layin NIGELEC na gida bolt 220 ne, batirin mota 12, pil na tocila ɗaya da rabi.

Amper (A) shi ne yawan wutar da ke bi cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bi cikin tiyo.

Om (Ω) shi ne awon turjiya, watau yadda abu ke tare ma wuta hanya, kamar matsin tiyo.

Wat (W) shi ne yawan wutar da abu ke ci yana aiki.

Waɗannan sunaye na mutane ne: Volta na Italiya, wanda ya ƙera pil na farko a 1800, da Ampère na Faransa, da Watt na Birtaniya, da Ohm na Jamus, wanda ya bayyana dokar turjiya a 1827.

Ga ƙa'idojin:

Wat = bolt sau amper.
Amper = wat a raba da bolt.
Om = bolt a raba da amper.

Misali na farko. Ƙarfen guga a birni yana aiki da bolt 220, yana jan amper 5. Wat nawa ke nan? 220 sau 5, wat 1100. Om nawa? 220 a raba da 5, om 44.

Misali na biyu. Telebijin mai wat 60 a ƙauye, an haɗa ta da batir mai bolt 12. Amper nawa take ja? 60 a raba da 12, amper 5.

Sai mai karatu ya lura da kyau. Ƙaramar telebijin a kan batir tana jan amper daidai da ƙaton ƙarfen guga a kan layi. Da a bolt 220 take, ko sulusin amper ba za ta ja ba. Ita kuwa waya amper ne ke sa ta zafi. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ce ai batir ba ya kisa, kowace waya ta yi. Gaskiya ne bolt 12 ba ya jan mutum, amma yana tada gobara.

Waya ma tana da nata om. Idan siririya ce, kuma batir yana nesa da telebijin da mita 10, zuwa da komowa mita 20 ke nan, turjiyarta tana iya kai rabin om. Bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya shi ne amper sau om: 5 sau rabi, bolt biyu da rabi. Cikin 220 wannan ba kome ba ne, amma cikin 12 hasara ce babba. Telebijin ta riƙa ɗaukewa, mai gida ya zargi mai kanti, alhali laifin waya ne.

Mafi muni shi ne wayoyi biyu tsirara su haɗu. A ce turjiya ta sauko zuwa om 0,1. Amper shi ne bolt a raba da om: 12 a raba da 0,1, amper 120. Nan take roba ta narke, in kusa da zana ne ko bunu sai wuta.

Saboda haka ga abin da ya kamata a yi. A karanta wat a jikin kowane abu, a tara su, a raba da bolt. A nuna ma mai sayar da waya adadin amper ɗin, a sayi mai kauri, a kuma rage nisa. A sa fizibil kusa da batir, wanda ya ɗara lissafin kaɗan: in an sami amper 5, a sa na 7,5. Idan ya tsinke a nemi dalili, kada a maye shi da ƙusa ko takardar kwalin taba.

Lissafin nan yana kare batir ma. Wanda aka rubuta ma 50 Ah, a kan amper 5 awa 10 ne a takarda. Amma batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka awa 5 sun isa.

Aikin wannan wata: ampul yana aiki da bolt 12, yana jan amper 2. Wat nawa yake ci? Om nawa ke gare shi? Amsa tana nan tafe a jarida ta gaba.